Wane Yadi Ya Dace Da Kilt Ɗin Yawo?

Ɗana, tambayarka ta jiya ba ta wuce ni ba, hannuna ne yake kan guga shi ya sa na ce ka bari sai mun natsu. Cewa ka yi: "Maigida, mutumin nan da bakinsa ya ce ba kilt ɗin biki yake so ba, na zuwa kallon ƙwallo ne a filin Hampden da ke Gilasgo da yawon ƙarshen mako. To me zai hana mu yanka masa yadi mai nauyin oza 10 ɗin nan, tunda ya fi sauƙi a jiki, ya fi sauƙi a aljihu?" Duk wanda ya shigo aikin ɗinkin kilt, wato siket ɗin nan mai ninki da mazan Sikotilan ke ɗaurawa, daga ɗinkin riga da wando sai ya yi irin wannan tambayar, domin a can an saba tufar yau da kullum ita ce mara nauyi. A nan lissafin daban ne. Idan za ka sauƙaƙa wa mutum kilt, yawan yadin da ke cikinsa za ka rage, kaurin yadin kuwa ka bar shi yadda yake.

Ɗauko wanda ke rataye bayan ƙofa ka shimfiɗa a tebur ka duba. Gabansa fallaye biyu ne shimfiɗaɗɗu, ɗaya kan ɗaya, na saman yana ƙarewa a hannun dama inda geza take. Bayansa ninki ne jere. Ɗinkin da ke riƙe ninkin daga ƙugu ya fara, ya tsaya daidai inda mazaunai suka fi faɗi, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa. Daga nan zuwa gwiwa babu zare ko ɗaya da ke riƙe da shi. Babu kalmasa a ƙasa, bakin saƙa ne kawai. To me ke sa ninkin ya koma mazauninsa bayan mutum ya tashi daga kujerar mota? Me ke hana iskar Gilasgo ɗage fallen gaba a tsakiyar titi? Nauyin yadin ne da taurin zarensa. Wando yana da ƙafafu biyu da ke riƙe da shi ko da yadinsa ya yi sakayau. Kilt ba shi da abin dogaro sai yadinsa.

Wannan oza da muke ta faɗa, nauyin yadi ɗaya ne na bandir mai faɗi biyu, wato mai inci 54 zuwa 60. Masaƙun nan Sikotilan galibi kashi uku suke yi: mai nauyi oza 16, matsakaici oza 13, mara nauyi oza 10 ko 11. Kamfanin Lochcarron da ke Selkirk har suna ya ba kowanne: Strome mai 16, Braeriach mai 13, Reiver mai 10. In muka ce kilt mai yadi takwas, yadi huɗu muke saye na faɗi biyu, mu tsaga shi a tsawonsa, mu haɗa a ɓoye cikin wani ninki. Yi lissafin da kanka. Huɗu sau 16 ya ba ka oza 64, kusan kilo ɗaya da gram 800 ke nan rataye a ƙugun mutum. Yanzu ɗauki mai yadi biyar: biyu da rabi sau 16, oza 40, kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. In ka sauko zuwa mai oza 13, bai ma kai kilo ɗaya ba. Dubi naka kuma, mai oza 10 a yadi takwas: huɗu sau 10, oza 40. Ka gani? Nauyi ɗaya ne da mai oza 16 a yadi biyar, ko gram ɗaya ba ka rage masa ba. Bambancin kawai, ɗaya zai tsaya da kyau shekara da shekaru, ɗayan kuma kafin a tafi hutun rabin lokaci ya yamutse kamar an kwana a kansa. Mai oza 10 yadi ne mai kyau, ba na raina shi. Na siket ɗin mata ne, na falmaran, na laktaye, na yara masu rawar gargajiya da ke tsalle a kan yatsu. Ga ƙaton namiji da zai zauna a jirgin ƙasa, ya tsaya a ruwan sama, ya hau matakalar filin wasa, bai dace ba.

Akwai abin da rage yadi ke canzawa, kuma wajibi ne ka faɗa wa mai kaya tun kafin almakashi ya taɓa yadin. Zanen tartan, wato layukan launi masu gitta juna da ake saƙawa a yadin kilt, gida-gida yake maimaita kansa, a tsaye da a kwance. A yadin kilt, gida ɗaya yakan kai inci shida zuwa takwas. Kowane ninki gida guda yake ci, ko gida da ɗan ƙari idan kana so zanen ya fito a baya kamar yadda yake a gaba. Ba kai ke zaɓar zurfin ninki ba, gidan ne ke zaɓa maka. A ce mutum mazaunansa inci 42 ne: rabi na fallen gaba, rabi na ninki, inci 21 ke nan za ka rufe a baya. A yadi takwas, bayan ka cire abin da fallaye biyu da kalmasarsu suka ci, abin da ya rage zai ba ka ninki 25 zuwa 28, kowanne fuskarsa wajen kashi uku cikin huɗu na inci. A yadi biyar, 14 ko 15 za ka samu, fuskar kowanne ta kai inci da rabi. Bayan zai rufu tsaf, ba abin kunya, amma wannan lilon da kilt ke yi idan mai shi na tafiya, dama da hagu, zai ragu. Mutumin da ya saba ganin masu busa a fareti ya sa ran haka nasa zai yi, gara ya ji daga bakinka yau da ya gani a madubi bayan wata biyu. Kuma ka kula da mai jiki. Wanda mazaunansa suka haura inci 46, yadi biyar ya yi masa kaɗan, ka kai shi shida ko bakwai. In gidan zanen da ya zaɓa babba ne sosai, nan ma yadi biyar zai ba ka wuya.

Za ka haɗu da masu cewa abin da bai kai yadi takwas ba ba kilt ba ne. Kada ka yi musu da mai kawo maka aiki, amma kai ka san tarihin sana'arka. Asalin wannan tufa ta aiki ce. Mutanen tsaunukan arewacin Sikotilan tun ƙarni na 16 suke naɗa babban bargon ulu su ɗaure da bel, da shi suke kiwo, da shi suke tafiya, da shi suke kwana a daji. Bayan yaƙin Culloden a 1746 gwamnatin Birtaniya ta haramta musu shi, ban da sojojin sarki, ba a ɗage dokar ba sai 1782. A 1822 Sarki George na Huɗu ya zo Edinbara ya fito sanye da kilt, a bikin da marubuci Walter Scott ya tsara, daga nan manya suka rungume shi ya zama kayan ado. Tsofaffin kilt na soja da suka rage daga ƙarshen ƙarni na 18, yadinsu bai wuce huɗu ba. Yadi takwas daga baya ya zo. Saboda haka magoya bayan da suka cika titunan Munich a Yunin 2024, ranar da Sikotilan ta buɗe gasar Turai da Jamus, da kilt da rigar ƙwallo da takalmin but, sun fi kusa da asalin abin fiye da ango mai baƙar kwat da maɓallan azurfa. Ni ina jin daɗin ɗinka irin nasu, don na san za a sa shi har ya tsufa, ba a ajiye a akwati ana jiran ɗaurin aure ba.

Yanzu ga yadin kansa. Ulun da muke aiki da shi ba irin na suwaita ba ne. Dogon gashi ake zaɓa, a taje shi ya miƙe, a murɗa zaren da ƙarfi, shi ya sa fuskarsa take sumul, da ɗan tauri a hannu. Saƙarsa zare biyu sama, biyu ƙasa, ana gocewa da zare ɗaya a kowane layi, abin da ke fitar da siririn layin nan da ke tafiya a karkace. Kawo fuskarka kusa da shi za ka gani. Wannan yadi idan ka ɗora masa jiƙaƙƙen ƙyalle, ka danna dutsen guga, ka bi da katako ka danne har tururin ya huce, ninkin ya zauna ke nan. Ba a jan dutsen guga a kansa, ɗorawa ake yi a ɗaga. Ulu yana shan laima mai yawa kafin mutum ya ji jiƙa, laka in ta bushe buroshi ke fitar da ita, wari kuma iska ke kore shi idan aka rataye shi ya kwana. Ga ƙasar da ruwa ke sauka ba sallama, babu kamarsa. Mai oza 13 a yadi biyar ko shida shi nake ba yawancin masu neman na yawo. Mai 16 ya fi tsayuwa, ya fi jure zama, kuma shi zan ba wanda zai riƙa hawan tsaunuka ko wanda ba ya son yawan guga. Aibin ulu biyu ne: tsada, da cewa ba ya shiga injin wanki.

A nan ne tambayar da ya kamata ka yi wa mutumin take. Ba "nawa gare ka" ba. Ka tambaye shi me zai zube a kai, kuma wa zai wanke. Idan ya ce maka yana da ƙananan yara, ko zai tsaya cikin dubban mutane masu kofi a hannu, ko yana shiga wasannin gargajiya inda ake jifa da gungumen itace a cikin laka, to ka buɗe masa littafin samfurin yadin da aka haɗa foliyesta da biskos, wato zaren da ake sarrafawa daga itace. Haɗin yakan zama kashi 65 na foliyesta, 35 na biskos, nauyinsa wajen oza 11 zuwa 12. Masaƙar Marton Mills da ke Yorkshire ta yi suna a kansa. Na san za ka ce yanzu na gama kushe mara nauyi. Dalilin da ya sa wannan ya tsira, foliyesta idan zafi ya kafa masa ninki ba ya saki, ko an wanke. Abin da ulu ke yi da nauyi, shi da taurin zare yake yi. Ba zai yi lilo kamar ulu ba, iska ma ta fi ɗaukarsa, kuma zane-zanen da ake saƙawa a cikinsa ba su kai na ulu yawa ba, da yake dangogin Sikotilan da yawa suna da nasu zanen, mai neman tartan na wani ƙaramin dangi ba lalle ya samu ba. Amma ana jefa shi a injin wanki da ruwan sanyi, a shanya, a sa. Ga wanda ulu ke sa wa ƙaiƙayi, ga mai zuwa ƙasar zafi, shi ne mafita. Abu ɗaya ka kiyaye: dutsen guga mai zafi sosai yana ƙona fuskarsa ta yi ƙyalli, kuma wannan ƙyallin ba ya fita. Rage wuta, sa ƙyalle a tsakani.

Wanda ba na so ya shigo shagon nan shi ne akirilik, zaren robar nan mai kama da ulu. Shi ne cike da shagunan 'yan yawon buɗe ido, ana sayar da kilt ɗinsa da kuɗin da bai sayi yadi ɗaya na ulu ba. A rataye yana da kyau, launinsa tas, a hannu da laushi. Laushin nan shi ne matsalar. Zarensa sako-sako ne, inda jakar da ake ratayawa a gaban kilt ke gogarsa sai ya tashi ƙudundune, ninkin ya buɗe, ya riƙa manne wa cinya. Abin da ya fi damuna kuma wuta. Mutanen nan suna sa kilt su tsaya gaban murhun gashi ko wutar sansani, akirilik kuwa kamawa yake ya narke a jiki. Idan wani ya kawo maka yadi ya ce ulu ne, kada ka yi gardama, zaro zare biyu daga gefe ka kai bakin famfo ka kunna ashana. Ulu da kyar yake kamawa, kana janye wutar ya mutu, warinsa na babbakar kan rago ranar Sallah, abin da ya rage ka murje shi da yatsa ya zama gari. Akirilik zai ci da sauri, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar dunƙule mai tauri da ba ya murjuwa. Auduga kuma warin takarda za ka ji, da farin toka. Gwaji na biyu ba ya buƙatar wuta: damƙe yadin a tafin hannunka ka ƙirga goma ka saki. Mai kyau zai buɗe da kansa. Na uku, ɗaga shi ga taga. In haske na ratsowa ta tsakanin zare, mayar wa mai shi.

Akwai kuma masu zuwa su ce su ba ruwansu da tartan. Wasu tuwid suke so, wato kauraren yadin ulu mai gashi-gashi, kuma ina ganin kilt ɗin tuwid mai launin ƙasa ko toka yana daga cikin mafi kyawun abin da mutum zai sa ya fita yawo. Harris Tweed doka ce ke kare shi tun 1993: sai an saƙa shi da hannu, a gidajen mutanen tsibiran Outer Hebrides, da ulun da aka rina aka kaɗa a can. Sai dai zarensa gashi-gashi ne, ba a taje shi kamar na tartan ba, don haka bakin ninkinsa ba ya yin kaifi sosai, kuma sau da yawa sai ka yi masa kalmasa. Zaɓi mai matsattsiyar saƙa. Wasu kuma irin na Amurka suke nufi, mai aljihu a gefe da maɓallan ƙarfe, wanda kamfanin Utilikilts na Seattle ya yaɗa daga shekarar 2000. Wannan da yadin kaki ko na jins ko kauraren auduga ake yi, kuma ɗinkinsa wani ne daban. Auduga ba ta riƙe ninki, guga ɗaya wanki ɗaya ta manta. Dole ka bi bakin kowane ninki da keke, daga sama har ƙasa, na waje da na ciki. Kuma ka wanke yadin kafin ka yanka, in ba haka ba ranar wankin farko tsawon zai tsuke, gwiwar mutum ta fito fili. Wanda aka haɗa da foliyesta ya fi zallar auduga sauƙin sha'ani.

Kafin ka karɓi kowane bandir, bi bakinsa da yatsa daga farko har ƙarshe. Tunda shi ne zai zama ƙasan kilt, dole ya kasance miƙaƙƙe, ba kumburi, ba zaren da ya fito, launinsa ɗaya da jikin yadin. In bakin ya lalace kalmasa ta zama dole, kalmasa kuwa a yadi mai oza 16 tana sa ƙasan ninki ya yi kauri ya buɗe.

Kada kalmar "na yawo" ta sa ka yi sakaci da cikinsa. Da keke za mu ɗinka, ba da hannu ba, nan ne kuɗin ke raguwa. Amma ƙyallen ƙarfafawar da ke bi ta ciki daga maɗauri zuwa maɗauri, wanda ke ɗaukar ja idan an ɗaure, ba a cire shi. In babu shi, yadin ne zai ɗauki jan, cikin wata kaɗan layukan zanen su karkace a ƙugu, ɗinkin ninki ya fara buɗewa. Shafi ma a sa.

Wajen awo, tambaye shi inda zai ɗaura. Na gargajiya a cibiya yake zama ko sama da ita kaɗan. Masu na yawo da yawa a ƙugun wando suke so, bambancin ya kai inci biyu, kuma in ka auna a wuri ɗaya ya ɗaura a wani, kilt ɗin zai rufe gwiwa ya koma siket. Ƙasansa ya tsaya a saman ƙoƙon gwiwa, iyaka tsakiyarsa. Mai yawan tafiya a ƙasa gara saman, domin bakin yadi in ya jiƙe yana gurje bayan gwiwa. Kai za ka durƙusa ka auna, shi ya miƙe ya dubi gaba. Da ya sunkuya ya leƙa tef, awon ya ɓaci.

Zai tambaye ka da me zai haɗa. Ce masa rigar ƙwallo, ko suwaita, ko riga mara ado, da but, da safar ulu mai kauri, in ya so ya ja ta sama, in ya so ya tura ta ƙasa. Jakar gaba ta fata mara ado ta ishe shi, mai gashi da azurfa ta dare ce. Ya rataye ta da maɗaurin fata, don sarƙa tana cin fuskar yadi. Fil ɗin da ake maƙalawa a kusurwar dama, fallen sama kaɗai yake hudawa, aikinsa ƙara nauyi ne. Wanda ya haɗe fallaye biyu da shi, ranar da ya buɗe ƙafa zai yaga yadin. In zai zauna, ya shafo ninkin da hannu daga baya tukuna. Batun wane zane ya halatta gare shi kuwa, kwantar masa da hankali. Akwai rajistar tartan ta hukuma da majalisar Sikotilan ta kafa da dokar 2008, amma rajista ce, ba 'yan sanda ba. Zanen Black Watch da na Royal Stewart kowa na sawa. Na Balmoral ne aka bar wa gidan sarauta. Ga na yawo na fi son launuka masu duhu ko waɗanda aka dusashe, sun fi ɓoye tabo, sun fi shiga da kowace riga.

Idan ya zo karɓa, cire zaren riƙon da ke ƙasan ninki a gabansa, ka nuna masa maratayi mai maƙali da zai kama ƙugun a wuri uku ko huɗu. In ulu ne, ka ce ya shanya shi a iska bayan kowace fita, kada ya kulle shi a leda da gumi a jiki, don asu wurin da datti yake yake fara ci. Tabo ƙarami, ruwan sanyi da ƙyalle, a danna, ba a gurza ba. In dole sai an kai wa masu wanki, ya fara kawo mana mu sake riƙe ninkin da zare, domin mai gugar da bai san kilt ba buɗe ninkin yake yi a kan tebur kamar mafici ya danne, kuma gyaran wannan yini guda yake ci.